Keken da Ke Rataye a Baranda

Duk wanda ya zauna a unguwar Kwamba da ke Suleja ya san makarantar Darakta Khamis, amma da wuya ka samu mutum biyu da za su faɗa maka sunanta na gaskiya, wanda aka rubuta da dogon Turanci a allon bakin ƙofa. Makarantar Keke ake ce mata, hatta masu Napep da haka suka san ta. Dalili kuwa, da ka shiga ka ɗaga kai, abin da za ka fara gani shi ne wani jan keke rataye da igiya biyu a katakon rufin baranda, an ɗaure masa ƙyalle ruwan gwal a wuya. A bangon da ke ƙarƙashinsa an rubuta da fenti: NA WANDA YA ZO NA ƊAYA A AJI SHIDA.

Wannan keken ne ya sa Yalwa ta kai 'yarta makarantar. Shekara biyu ke nan da suka taso daga Funtuwa, saboda mijinta Malam Salisu ya samu aikin birkila a Abuja. Haya a can ba ta talaka ba ce, sai suka kama ciki da falo a wani gidan haya a Kwamba. Shi yakan dawo ranar Asabar ya koma Litinin da asuba, ita kuma ta kafa teburinta a bakin titin Gauraka, tana sayar wa direbobi da makanikai shinkafa da wake da mai da yaji. 'Yarsu ɗaya ce, Mardiyya, yarinya mai kai kamar me, waƙa sau ɗaya za ta ji ta haddace ta har da kiɗan. Amma ka buɗe mata littafi, kafin ta gama layi uku ta fara hamma. Ita dai a bar ta a gindin teburin uwarta tana zuba wa mutane yaji.

Abin nan shi ke ci wa Yalwa tuwo a ƙwarya. Ita daga aji huɗu aka cire ta don ta yi jinyar mahaifiyarta, ba ta kuma koma ba. Har yau in saƙo ya shigo wayarta sai ta miƙa wa wani makanike ya karanta mata, ya ji sirrinta kafin ita mai sirrin ta ji. Ta yi rantsuwa 'yarta ba za ta taɓa miƙa wa ƙaton banza waya ba. Don haka ranar da suka shiga makarantar neman gurbi, ta ga Mardiyya ta tsaya cak ta ɗaga kai baki buɗe tana kallon keken, sai ta ce a ranta an zo wurin. Ba ta ko tambayi ingancin malamai ba, ta ce a rubuta sunan yarinya.

A aji biyar Mardiyya ta talatin da ɗaya ta zo cikin yara talatin da takwas. Da aka shiga aji shida kuwa, keken ya matso kusa, sai yarinya ta zama wata daban. Malamar ajinsu, Anti Yejide, wata siririyar Bayarabiya mai haƙuri, takan tsaya da ita bayan an tashi ta ƙara nuna mata lissafi. A gida kuma Yalwa ta kama nata aikin. Da keke ake tashin Mardiyya daga barci, da keke ake raba ta da wasan 'yar gala-gala, da keke ake sa ta gama aikin gida. "Tashi, keken nan ba zai sauko da kansa ba." "Ki yi ta wasa, ɗan wani ya hau ya bar ki da kallo." Gaskiya dai babu wanda ya hau keken nan kamar Yalwa, sai dai ita da baki ta hau shi. Wata rana da yarinyar ta gaji ta fashe da kuka a kan wani lissafi, uwar ta dafa kanta ta ce, "Ranar da kika ci shi, ni da hannuna zan turo shi har ƙofar ɗakin nan. In na saɓa, kada ki ƙara yarda da maganata."

Mardiyya ta zo ta tara, ta zo ta uku, a zangon ƙarshe ta zo ta ɗaya.

Ranar bikin yaye ɗalibai Yalwa ba ta fita sana'a ba, abin da ko ranar Sallah ba ta cika yi ba. Ta dafa babbar tukunyar dafa-duka ta bar wa matan gidan su raba, ta ce su zauna da shiri, da an ji ƙarar Napep a fito da guɗa. Ta yi magana da mai Napep ɗin tun jajibiri, har da igiyar da za a ɗaure keken ta saya. A makaranta an kafa rumfuna, lasifika na ta kururuwa, yara sun sha rigunan yaye da hulunan nan masu kusurwa huɗu suna ta zufa. Aka kawo tsani aka sauko da keken, aka goge shi da tsumma har yana ƙyalli. Darakta Khamis ya miƙe cikin babbar riga ya yi jawabi na kusan awa guda, rabi Hausa rabi Turanci, a kan yadda makarantarsa ta san darajar yaro mai ƙoƙari. Da aka kira sunan Mardiyya Salisu, Yalwa ba ta san lokacin da hawaye ya wanke mata hoda ba.

Mai hoto ya jera su, Darakta a dama, yarinya a hagu, keke a tsakiya. Ya zo da kansa ya kama hannun Mardiyya ya ɗora a kan mariƙin hagu, ya ce kada ta motsa shi. Aka ɗauka, aka yi tafi. Daga nan aka shiga rabon shinkafa a robobi, wuri ya kaure. Yalwa na cikin amsa barka daga iyaye ta ɗaga kai, sai ta ga keken yana lilo a sama, an riga an mayar da shi mazauninsa, ana janye tsanin.

Ta samu Darakta a ofis yana cire babbar rigarsa a gaban fanka.

"Hajiya, barka, barka. Yarinya ta fitar da mu kunya."

"Yallaɓai, mai Napep na jira a waje. Na ga kuma an mayar da keken sama."

"Ai nata ne, babu mai taɓa shi. Ajiye mata muka yi. Folisin makaranta ke nan, wato dokarmu, ranar da ta shiga sakandarenmu, ranar za ta karɓi abinta."

"Wace sakandaren, yallaɓai?"

Ya nuna mata ta taga. A bayan azuzuwa akwai wani gini da ya kai linta ya tsaya, bulo ya yi baƙi saboda ruwan damina, ciyawa ta fi mutum tsawo a cikin ɗakunan, wata akuya ta haye tarin yashin da ya riga ya zama ƙasa. Yalwa matar birkila ce, ta san ginin da ake kan aikinsa, ta kuma san wanda aka yi wa jana'iza.

"Muna kan aiki," in ji Darakta. "Nan ba da daɗewa ba. Hoton kuma kyauta ne, har da gilashi, ki aiko a karɓa ranar Laraba."

To, a nan ne Yalwa ta yi abin da ya hana ta sukuni makonni. Akwai baƙi biyu zaune a ofishin, ga mutum babba ya kira ta Hajiya alhali ko Minna ba ta taɓa wucewa ba balle Makka, ga ranar farin ciki. Kunya ta danne mata harshe. Ta buɗe baki da niyyar ta yi magana, abin da ya fito shi ne, "To, mun gode, Allah ya saka da alheri." Mutum ya yi maka sakiyar da ba ruwa, kai kuma ka durƙusa ka yi masa godiya. A bakin ƙofa ta yi kiciɓis da Anti Yejide, malamar ta sunkuyar da kai ta wuce.

Da Napep ta tsaya a ƙofar gida mata suka fito da guɗa kamar yadda aka shirya. Guɗar ta yi sama, ta yi ta neman abin da za ta sauka a kai, ba ta samu ba, ta mutu a maƙogwaro. Babu komai a cikin Napep sai uwa da 'ya da igiya a naɗe. Yalwa ta yi murmushin yaƙe ta ce, "An ajiye mata ne, sai an gama yi masa takardu." Keke da takardu, sai ka ce tirela. Matan suka ce Allah ya sa alheri, suka koma kan dafa-dukarsu. Mardiyya kuwa ta ɗago ta dubi uwarta, kallo ɗaya, ta shige ɗaki.

Washegari yarinyar ta tattara littattafanta kaf ta zuba a buhun shinkafa ta tura ƙarƙashin gado. Ta riga uwarta ɗaukar kwanuka zuwa Gauraka. Da Yalwa ta kawo maganar sakandaren gwamnati, wadda Mardiyya ta ci jarrabawar shigarta kuma za a fara rajista a watan Satumba, sai ta ce, "Umma, ni na gama boko." Ba da tsiwa ta faɗa ba, da ma da tsiwa ne da an san maganinta. Malam Salisu da ya dawo ranar Asabar ya ji labari, ya girgiza kai ya ce, "A bar shi da Allah, Yalwa. Mu baƙi ne a garin nan." Ta ce, "Baƙi ne mu a wajen karɓar keke, amma da ake neman ɗalibai 'yan gari ne mu." Ya ce ta dai bi a hankali, ya ja buta ya tafi masallaci.

Ita dai lissafinta ɗaya ne. Keke ya kai yarinyar nan ga littafi, rashin keke ya raba ta da shi, in keke ya shigo gidan nan za ta koma. Saura mako shida a rufe rajista.

Sau uku tana komawa makaranta a cikin hutu. Na farko aka ce Darakta ya tafi Abuja, na biyu aka ce yana mitin, na uku aka miƙo mata hoton ta taga a cikin leda. Ranar tana dawowa da hoton a hammata, Maman Kosi ta yafito ta. Maman Kosi 'yar ƙabilar Ibo ce mai shagon kayan masarufi a bakin layinsu, ta fi shekara goma sha biyar a Suleja, tana jin Hausa sarai sai dai namiji da mace duk ɗaya ne a bakinta. Yalwa ta tuna ranar guɗa ita kaɗai ce ta tsaya daga nesa ta naɗe hannu.

"Maman Mardiyya, zo ka ga wani abu."

Ta ja ta har falonta da ke bayan shagon. A bango, kusa da kalandar coci, ga hoto a cikin gilashi. Darakta Khamis a dama da babbar riga, wata yarinya a hagu tana dariya har kunne, jan keke a tsakiya da ƙyallensa ruwan gwal. Hannun yarinyar yana kan mariƙin hagu.

"Kosisochi ke nan, shekara biyu da ya wuce. Ka ga inda ya sa hannu? Robar wurin ya cire, baƙin salatif suka naɗa. Keken gwanjo ne. Shi ya sa mai hoto yake rufe shi da hannun yaro."

Yalwa ta zaro nata hoton ta kara kusa da wancan. Ko tagwaye ba su kai su kama ba.

"Maman Kosi, kina kallona shekara guda ina tashin yarinya da asuba a kan keken nan, kin san haka, kika yi shiru?"

"Kunya, 'yar'uwa. Mun aika hoton nan har ƙauye, kakan Kosi ya nuna wa kowa a coci. Wa zai fito ya ce an yi masa wayo? Duk wanda ya tambaya, na ce keken yana wurin ƙanina a Diko." Ta yi ajiyar zuciya. "Kuma na ga yarinyarka yana karatu. Na ce in na faɗa, zai daina."

"Ina Kosin take yanzu?"

"Ga shi can a shago. Tun lokacin nan, littafi sai da faɗa. Aji biyu na sakandare ya ce ya gaji."

Wannan magana ta ƙarshe ta shiga kunnen Yalwa ta dama ta fita ta hagu, don zuciyarta na can tana tafasa a kan wani abu daban. Ashe abin da ya riƙe keken nan a sama shekara biyar ba igiya ba ce. Kunyar iyaye ce. Darakta ya karanci mutanensa tsaf, ya san wanda aka ɗauka hoto da shi a gaban jama'a, aka yi masa tafi, ba zai dawo ya ce an yi masa ungulu da kan zabo ba. Kowa sai ya rataye hotonsa a falo ya ƙirƙiro ƙaryar da zai rufa wa kansa asiri, yana rufa wa ɓarawonsa a ciki. Ita ma ai har ta fara, da zancen takardu.

Ta ce, "Ara mini hoton nan."

Mako uku ta yi tana bin sawu. Anti Yejide ce ta aiko mata sunayen sauran yaran da suka taɓa cin keken a wata 'yar takarda ta hannun Maman Kosi, ba tare da ta sa nata sunan ba. Iyalan yaron da ya fara ci sun bar gari. Na biyu ɗan wani tela ne a bayan kasuwa, wanda da farko ya rantse keken yana ƙauye, sai da ta ajiye masa hotuna biyu a kan keken ɗinkinsa sannan ya cire tabarau, ya aika gida aka kawo nasa. Yaro ɗaya da ya rage, uwarsa matar wani direba ce da suka koma Diko. Yalwa ta rufe tebur ta shiga mota ta je, matar ta saurare ta, ta ce, "Ni ba zan iya tsayawa gaban mutane ba, amma ga shi, ki tafi da shi, na gaji da ganinsa."

Litinin ta farko a watan Satumba ita ce ranar ɗaukar sababbin ɗalibai a Makarantar Keke. Tun ƙarfe takwas iyaye sun yi layi a baranda riƙe da hannun 'ya'yansu, yaran kuma duk sun ɗaga kai sama. Yalwa ta shigo da tabarma da babban farantin da take tallar abinci. Ta shimfiɗa tabarmar daidai ƙarƙashin keken, ta jera hotuna huɗu a kan farantin, ta zauna ta miƙe ƙafa. Maman Kosi ta tsaya a bayanta, telan kuma ya raɓe a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje. Ba ta ɗaga murya ba. Duk wanda ya leƙo ya tambaya sai ta ce, "Yara huɗu, shekara huɗu, keke ɗaya. Ɗaga kai ka gan shi a rataye." Kafin rabin awa layin ya watse ya zama da'ira, wata mata ta fara ɗaukar hotunan da wayarta.

Darakta ya fito da sauri, hularsa a karkace.

"Hajiya, mene ne haka? Shigo ofis mu yi magana."

"Na shiga ofis sau ɗaya, yallaɓai, na fito da godiya. Yau a nan za mu yi. Kuma ni ba Hajiya ba ce, mai shinkafa da wake ce."

Ya dubi taron, ya ga babu mafita, sai ya gyara tsayuwa ya koma malami. "To, bari in tambaye ki a gaban kowa. 'Yarki ta nawa take zuwa kafin ta ga keken nan?"

"Ta talatin da ɗaya."

"Yanzu fa?"

"Ta ɗaya."

"To, cutar ki na yi ko taimakon ki? Wannan shi ake kira motibeshin, ƙarfafa wa yaro gwiwa. Keke nawa yake? Ilimin da ta samu fa, wa zai ƙwace shi? Ba ita kaɗai ba, ajin gaba ɗaya ya tashi. Ku iyaye ba ku gane ba, ba keken ne muhimmi ba."

Wasu daga cikin maza suka gyaɗa kai. Wannan ne ya fi ƙona wa Yalwa rai, don maganar tana da ƙamshin gaskiya, kuma babu abin da ya kai maƙaryaci da guntun gaskiya a hannu ban haushi. Ta miƙe tsaye.

"In ba keken ne muhimmi ba, me ya hana ka rubuta haka a bango? Ka rubuta, na wanda ya zo na ɗaya, zai taɓa shi sau ɗaya a ɗauki hoto. Ka ga ko akwai yaron da zai tashi da asuba. Yarinyar nan ta yarda da kai, ta yarda da ni. Ni na rantse mata a kan maganarka, ka mayar da ni maƙaryaciya a ɗakina. Kai ka koya mata lissafi, ka kuma koya mata cewa babba yakan yi alkawari a lasifika ya janye tsani. Wanne kake jin za ta fi riƙewa?"

"Na ce za ta karɓa in an buɗe sakandare."

"Shekara biyar ana gafara sa, ba mu ga ƙaho ba. Akuyar da ke cikin ginin can ta haihu ta yi jikoki."

Aka bushe da dariya. Wani mutum ya ja hannun ɗansa ya nufi ƙofa, wata ma ta bi shi. Darakta na cikin kiran su da su tsaya a yi bayani, sai aka ji ƙarar ƙarfe a kan siminti. Anti Yejide ce ta jawo tsani ita kaɗai. Ta jingina shi a bango, ta dubi Darakta ta ce, "Sa, ni na ce wa yaran nan gaskiya ne. Shekara uku ina faɗa." Ta tattare siket ɗinta ta hau, ta kwance igiyar. Darakta bai hana ba, bai kuma ce a yi ba. Ya dai juya ga sauran iyayen yana cewa da ma yau ya yi niyyar miƙa shi, gaggawa ce irin ta mata.

Da keken ya taɓa ƙasa sai ga abin da tsumma ba ya gogewa. Tayoyin sun bushe sun tsattsage, kaca ta yi tsatsa ta ƙage, ga baƙin salatif a mariƙin hagu. Yalwa ta dubi Maman Kosi da telan, don su ma suna da haƙƙi a ciki. Telan ya ce ɗansa ya fara gemu, Maman Kosi ta ce, "Kai wa Mardiyya. Ƙafar Kosi ya wuce wannan keke tuntuni."

Makanikan Gauraka suka karɓi aikin kamar nasu. Mai faci ya samo tayoyi, wani ya jiƙa kacar a baƙin mai ya warware ta, wani ya sa sabuwar roba a mariƙin hagu, har da ƙararrawa suka ɗaura. Yalwa ta sa Mardiyya ta zauna a gida kwana biyun nan don kada ta gani. Ranar Laraba da la'asar aka sauke mata shi a bakin layi, ta ƙi yarda kowa ya taɓa. Da hannunta ta turo shi, ta ratsa kwata da taɓon damina, yara na bin ta, har ƙofar ɗakinta kamar yadda ta rantse. Matan gida suka fito, wannan karon guɗar ta samu wurin sauka.

Mardiyya ta fito tana goge hannu a zani, don wanke-wanke take yi. Ta zagaya keken, ta danna ƙararrawar sau ɗaya, ta shafa sabuwar robar. Ta yi murmushi, ta ce, "Na gode, Umma." Ta hau ta zagaya tsakar gida sau biyu tana tangaɗi, ta sauka ta jingina shi a bango.

Yalwa ta ji wani sanyi ya ratsa ta tun daga ƙeya. Ta shiga ɗaki ta jawo buhun nan daga ƙarƙashin gado, ta kakkaɓe ƙurar, ta fito da shi ta ajiye a gaban 'yarta.

"To, na cika alkawari. Jibi Juma'a ake rufe rajista. Gobe da safe za mu je sakandare a rubuta sunanki."

Yarinyar ta dubi buhun, ta dubi keken, ta ɗago ta dubi uwarta. Babu fushi a fuskarta, tambaya ce kawai irin ta mai son ya san farashi kafin ya taya.

"Umma, su me suka rataye a can?"

"Ba su rataye komai ba. Karatu ne kawai."

"To, don me zan je?"

Yalwa ta buɗe baki. Ta lalubi duk maganganun da ta yi wa yarinyar nan a kan karatu shekara biyu, safe da yamma, tana neman guda ɗaya da babu keke a cikinta, ba ta samu ba. Mardiyya ta jira kaɗan, sai ta koma kan kwanukanta.